Me ya shiga cikin yaron? Kundin aikin awon abincin jarirai

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Da sunan Allah na buɗe wannan kundi. Ban da shugaban aikin, mu shida ne, duka mata, domin aikin na cikin gida ne kuma namiji iyakarsa zaure. Ƙauyuka uku za mu yi aiki a cikinsu, gabas da Kano, da iyaye masu goyo daga ɗan wata biyu zuwa wanda ya kusa yaye. Abin da aka ɗora mana shi ne mu gwada hanyoyin auna abincin jariri a kan iyaye ɗaya, mu ga inda suka dace da inda suka saɓa: tambayar uwa abin da aka ba yaro jiya, zama a gida ana auna kowane kofi, ɗora yaro a sikeli kafin ya sha nono da bayan ya sha, sai kuma hanyar ruwa mai nauyi wadda zan yi bayaninta idan lokacinta ya zo.

Abin da ya sa na karɓi aikin shi ne wata lamba da na daɗe ina faɗa a wajen taro. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce kashi 29 cikin ɗari na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ne ake shayar da su nono zalla. Na sha maimaita ta, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina daga ina ta fito ba. Daga bakin uwa ta fito, a amsar tambayar abin da aka ba yaro jiya da daren jiya. Ina son in gani da idona nawa ne wannan tambaya take kamawa, nawa ne yake zille mata.

Yau mun gaida mai gari. Ya ba mu izini, ya haɗa mu da unguwar zoma ta zama 'yar rakiyarmu.

Laraba, 22 ga Janairu

Mako guda muna horo a kan takardar tambayoyi. Mun bi ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka sabunta a 2021. A can an kasa abincin yaro ɗan wata 6 zuwa 23 gida takwas: nonon uwa, hatsi da dangin doya da dankali, wake da gyaɗa da danginsu, madara da nonon dabba, nama da kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace masu sinadarin bitamin A irin su zogale da kabewa da mangwaro, sai sauran kayan lambu da na marmari. Yaron da ya samu biyar daga cikin takwas a jiya, an ce ya kai mafi ƙarancin abin da ake nema. A ƙa'idar 2008 huɗu ne cikin bakwai, kuma ba a lissafa nonon uwa a ciki. Yawan ci kuma, ɗan wata 6 zuwa 8 mai shan nono a ba shi abinci aƙalla sau biyu a rana, daga wata 9 zuwa 23 sau uku.

Inda muka ɓata lokaci shi ne mayar da tambayar Hausa. Idan ka ce wa uwa "me ya ci jiya?" kuma yaron kunu da fura ya sha, za ta ce bai ci komai ba, kuma gaskiyarta, don mu ba ma cin kunu, sha muke yi. Idan ka ce "me ya sha?" za ta ce nono ta yi shiru. Mun tsaya a kan "me aka sa masa a baki tun daga asubar jiya har wayewar garin yau?", sannan mu bi ranar da lokutan salla, tunda da su mutane suke tuna wuni, ba da agogo ba.

Alhamis, 30 ga Janairu

Gwajin farko a gidaje. Wata yarinya mai ɗan fari, ɗan wata uku, na tambaye ta sau uku tana sunkuyar da kai. Surukarta na zaune a gefe tana tsince wake, ita kuwa kara ba za ta bar ta ta yi zancen ɗan fari a gaban uwar miji ba. Da ƙyar ta ce, "Nono ne kawai." Na rubuta. Ina naɗe takarda sai tsohuwar ta ce:

"Ke 'yar nan, kin gama ke nan? To ai ni nake masa wanka."

Na ce, "Inna, a wajen wankan ana ba shi wani abu ne?"

Ta ce, "Ba a ba shi komai. Ruwan ɗumi ne dai nake ɗiga masa da hannu don maƙogwaro, sai ɗan dauri da safe saboda ciwon ciki, sai rubutun da kakansa yake aiko masa ran Alhamis."

A ma'aunin Hukumar Lafiya, nono zalla yana nufin babu ko ɗigon ruwa. Abin da aka yafe kawai shi ne magani, da bitamin, da ruwan gishiri da sukari idan yaro na gudawa. Don haka wannan yaro ya fita daga lissafi ta ƙofa uku, alhali uwarsa ba ta yi mini ƙarya ba, kakarsa ma haka. A wurinsu ruwa ba abinci ba ne, dauri kariya ce, rubutu kuwa addu'a ce. Takardata ce take kiran su duka da suna ɗaya.

Mun ƙara layi a takarda: wa ya yi wa yaro wanka, wa ya goya shi lokacin da uwa take daka ko girki, kuma a tambayi kowannensu daban. Mai ɗan fari kuma a ja ta ɗaki a yi magana daga ita sai mai tambaya.

Talata, 11 ga Fabrairu

Kwana huɗu ke nan muna zaman awo. Ma'aikaciya takan shiga gida da sassafe kafin a hura wuta, ba ta fita sai bayan isha'i, da sikelin kicin mai nuna giram ɗaya-ɗaya. A auna kofi babu komai, a zuba kunu a auna, yaro ya sha, a auna saura, a ɗebe. A takarda abu ne mai sauƙi.

A tsakar gida kuwa ga abin da na gani jiya da wata yarinya 'yar wata goma. An zuba mata koko a kofin silba. Ta sha ludayi uku, ta doke na huɗu ya zube a ƙirjinta da zanin uwar. Yayanta ɗan shekara uku ya zo ya kurɓa daga kofin kafin in ɗaga kai. Uwar ta ɗanɗana don jin zafi, sau biyu. Da na auna saura, sikeli ya nuna an sha fiye da rabi, ni kuwa da nake kallo na san abin da ya wuce maƙogwaron yarinyar bai kai haka ba. Yanzu muna ɗaura wa yaro ƙyalle a wuya wanda muka auna shi a bushe, mu sake aunawa bayan ci, amma abin da ya tafi ƙasa ko bakin yaya sai dai ƙiyasi.

Tuwo ya fi wuya. Yaro ba shi da kwanonsa. A cinyar uwa yake, tana gutsurowa daga malmalarta tana murzawa da miya tana sa masa. Mun roƙi a raba masa nasa a ƙaramin kwano, suka yarda, amma daga lokacin da ka raba kwano ka riga ka canja yadda ake ci a gidan. Uwar da ta ga kwanon ɗanta a gaban baƙuwa za ta matsa masa ya cinye.

Sannan ga karamci. Gida biyu aka yanka kaza saboda mu. A wani gidan aka aika yaro shago ya sayo madarar gwangwani aka zuba a kunu, abin da maƙwabciya ta ce ba ta taɓa gani ba. Na je na zauna da matar gidan na ce mata, "Yaya, don Allah ki yi girkinki na kullum. Ba mun zo duba iyawarki ba ne, kuma ba sunan kowa da zai fita." Ta ce, "Malama, ta yaya baƙuwa za ta wuni a gidana in ba ta tuwon jiya?" Na fahimce ta sarai, don a gidanmu ma haka aka tarbiyyantar da ni. Mun yanke shawara da shugaban aikin: ranar farko a kowane gida ba za ta shiga lissafi ba, kuma kowace ma'aikaciya ta tafi da abincinta a kula, ta faɗa tun daga ƙofa cewa doka ce aka ɗora mata.

Wani abu da zaman awo ya nuna wanda tambaya ba za ta taɓa kamawa ba shi ne abin da yaro yake ci a bayan 'yar raino. Da hantsi a kan goya wa yarinya 'yar shekara takwas ko tara ƙaninta ta fita da shi, ta dawo bakinsa da maiƙon ƙosai, ko ɓurɓushin ƙuli-ƙuli, ko jan alawa. Uwar ba ta sani ba, balle ta gaya mana gobe.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Iskar hunturu tana kaɗa lambobin sikeli idan an ajiye shi a fili. Mun samo kwalaye mun yanke gefe ɗaya muna sa shi a ciki, a kan faifan katako don ƙasa ba ta daidaita ba. Kowace safiya ana gwada sikeli da dutsen awo kafin a fita.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Awon kafin shan nono da bayansa. Ana ɗora jariri a sikelin jarirai, uwa ta shayar, a mayar da shi da kayan jikinsa yadda suke, ko ya yi fitsari ba a canja masa ƙyalle sai an auna. Bambancin shi ne nonon da ya sha, giram ɗaya kusan mililita ɗaya. Akwai ɗan gyara da ake yi saboda ruwan da yake fita ta numfashi da fata a lokacin shan.

Wannan hanya ta dace da ɗakin asibiti, inda ake shayarwa a kan lokaci. Matanmu kuwa ba sa shayarwa da agogo. Yaro ya yi ƙorafi a juyo shi daga baya, ya ja na minti biyu, ya saki, bayan ɗan lokaci ya sake nema. Ƙaramin sha irin wannan giram kaɗan ne, motsin ƙafar yaro a kan sikeli ya isa ya haɗiye shi. Kuma yaron da aka cire daga nono aka kwantar a faranti mai sanyi kuka zai yi, a sake ba shi nono don ya yi shiru, a sake aunawa. Zuwa azahar uwa ta gaji, ta fara jinkirta shayarwa don kada a sake tada sikeli. Da dare kuwa babu magana: yaro a jikin uwarsa yake kwana, yana sha ita tana barci.

Na rubuta wa shugaban aikin cewa a ganina mu tsaya a kan gidajen da muka riga muka yi. Ina jin nauyin abin da muke ɗora wa waɗannan mata, kuma lambar da muke samu ta wunin da muka dagula ce. Ya amince.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama ranar Asabar. Mun ɗage aikin ruwa mai nauyi zuwa bayan salla. Yawancin masu goyon suna azumi, lokacin girki ya koma yamma, kuma ba daidai ba ne mu nemi mace ta sha wani abu da rana tsaka. Za mu yi amfani da watan wajen tattara yadda ake dama kunu da koko gida-gida.

Laraba, 19 ga Maris

Ko ka san yaro ya sha giram ɗari na kunu, ba ka san abin da ya samu ba sai ka san kaurin kunun. Muna auna gasara ko gari kafin a dama, da ruwa, da sukari, da tsamiya ko gyaɗa idan an sa, sannan mu auna tukunya bayan an sauke. Daga nan sai a duba jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma na 2019 wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar, a lissafa.

Ga dalilin da ya sa abin ya dame ni. Shawarar da ake bi ita ce yaro mai shan nono yana buƙatar ƙarin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki) kusan 200 a rana daga abinci tsakanin wata 6 zuwa 8, da 300 daga wata 9 zuwa 11, da 550 daga shekara ɗaya zuwa biyu. Cikinsa kuwa ƙarami ne, ana ƙiyasta yana ɗaukar giram 30 a kan kowane kilo na nauyinsa a zama ɗaya. Shi ya sa ake so kowane giram na abincinsa ya kai kalori 0.8 ko fiye. Kunun da aka tsinka shi har yana zuba daga ludayi kamar ruwa yakan gaza wannan. Iyaye suna tsinka shi ne da kyakkyawar niyya, don kada ya shaƙe yaro. A takardar tambaya, uwar da ta ba da tsinkakken koko sau uku da wadda ta ba da kunun gyaɗa mai kauri sau uku duk suna iya fitowa kamar sun cika yawan ci, tunda ba a auna kauri.

Haka miyar kuka ta sa mu muhawara. Ƙa'ida ta ce abin da aka sa kaɗan don ɗanɗano, irin daddawa da yaji da dunƙulen sinadarin miya, ba ya shiga kowane gida cikin takwas ɗin. To garin kuka fa, da ɗan busasshen kifin da aka daka a miyar mutum goma sha? Mun rubuta matsaya ɗaya don kowa ta bi: kuka ganye ce tunda ita ce jikin miyar, dakakken kifi kuwa kayan ɗanɗano ne sai idan an ba yaro tsokarsa.

Talata, 8 ga Afrilu

An yi salla lafiya. Yau muka zauna da magidanta a ƙofar mai gari, da liman, kan maganar ruwa mai nauyi. Shugaban aikin ne ya yi bayani, ni ina daga gefe.

Sunansa ruwan diyuteriyom. Ruwa ne wanda sinadarin haidirojin ɗinsa ya fi na ruwan yau da kullum nauyi, kuma akwai ɗan kaɗan nasa a kowane ruwan rijiya da jikin kowane mutum. Ba ya fitar da wani haske mai cutarwa. Uwa za ta sha giram 30 sau ɗaya, ya gauraya da ruwan jikinta, ya bi ta nono ya shiga jikin jariri. Sai a riƙa ɗaukar yawun uwa da na ɗa cikin mako biyu. Yadda yake raguwa a jikin uwa, da yadda yake hawa sannan ya sauka a jikin yaro, shi zai nuna nonon da yaro yake sha a rana, da kuma ruwan da yake shiga jikinsa ta wata hanya da ba nono ba. Wani masani ɗan Ingila, Andy Coward, da abokan aikinsa na Cambridge ne suka fito da hanyar a farkon shekarun 1980, kuma Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta fitar da littafin jagorarta a 2010.

Da aka ambaci nukiliya wuri ya yi tsit. Wani dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, mu fa ba mu manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano ba." Maganar 1996 yake yi, kuma yana da hujjar tambaya, irin wannan rashin yarda ne ya kai ga dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Shugaban aikin bai kare kowa ba. Ya ce jariri ba a ba shi komai, ba allura, ba ɗibar jini, kuma duk wadda ta fasa a tsakiya babu abin da za ta rasa. Sannan ya buɗe kwalba ɗaya ya shanye a gabansu. Ni ma na sha tawa a gaban mata da yamma. Wasu magidanta sun ce a'a, mun yi musu godiya mun wuce gidajensu.

Litinin, 14 ga Afrilu

Ranar farawa. An auna nauyin uwa da ɗa, an ɗauki yawun farko kafin a sha komai, don a san adadin diyuteriyom da yake jikinsu tun asali. Sannan uwa ta sha ta bututun roba, a ɗauraye kwalbar da ruwa ta sake sha don kada ɗigo ya rage. Wata ta ce, "Malama, ai wannan ruwa ne kawai." Na ce haka ne, Yaya.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Kwana ɗaya, biyu, uku, huɗu, kullum muna gidajen. Yawun uwa ba wuya: ta tsotsi auduga, a sa a sirinji a matse cikin 'yar kwalba. Na jariri shi ne aiki. Dole a jira aƙalla minti goma sha biyar bayan ya sha nono, don kada ragowar nonon bakinsa ta ɓata awo, sannan a juya auduga a hankali a kumatunsa. A wannan zafin bakin yara a bushe yake, wani sai an yi ta lallashi. Kwalaben ana rufe su gam a sa a akwatin ƙanƙara, don tururin iska ma yana iya sauya abin da ke ciki, da yamma a kai firiza a gari.

Zafin Afrilu ya sa maganar ruwa ta fito fili. Mata suna ce mini, "Ke da kike babba kina ta shan ruwa, shi da yake jariri fa?" Nakan ce musu nonon uwa kansa kusan kashi 88 cikin ɗari ruwa ne, amma ba na wuce nan. An gargaɗe mu kada mu yi wa'azin shayarwa cikin waɗannan kwanaki sha huɗu, domin idan suka canja hali saboda mu, awon ya tashi a banza. Yana yi mini nauyi in ga ana ɗura wa ɗan wata biyu ruwan randa in yi shiru. Abin da muka amince a kai shi ne, yaron da muka gani da gudawa ko zazzaɓi ko rama za mu tura shi asibiti nan take, bayani kuma za mu yi shi cikakke ranar da aka rufe awo.

Litinin, 28 ga Afrilu

Jiya kwana sha uku, yau sha huɗu. An sake auna nauyi, an rufe kashin farko. Gida ɗaya mun rasa shi, uwar ta tafi biki wani gari kwana na sha biyu, kuma babu samfurin ƙarshe babu lissafi. A kashi na biyu za mu tambayi maganar tafiya da biki da suna tun kafin a ba da ruwan.

Da yamma muka tara matan a gidan unguwar zoma muka yi bayanin da na yi alkawari: dakashi da amfaninsa, dalilin hana ruwa kafin wata shida, da yadda za a kaurara kunu da gyaɗa ko waken suya. Tsohuwar nan mai dauri ta zo, ta zauna a gaba. Ta ce ruwan wanka za ta iya bari, amma rubutu fa? Unguwar zoma ce ta amsa mata, ta ce a shafa masa a ka da jiki, ita uwar ta sha sauran.

Talata, 6 ga Mayu

Kwalabe suna firiza, an jera su da lambobi, ana jiran mota mai sanyi ta kai su ɗakin gwaji inda na'urar da ke karanta su da haske take. Ko sakamakon ya zo, zai gaya mana giram nawa na ruwa ya shiga jikin yaro ban da nono, amma ba zai ce ruwan randa ne ko koko ko dauri ba. Wannan sai mun koma takardun tambaya da na zaman awo mun jera su gefe da gefe, yaro bayan yaro. Na fara wannan jeri jiya, na kai gida tara.

Kashi na biyu zai fara mako mai zuwa a ƙauye na uku, kuma muna so mu gama kafin ruwa ya sauka mata su koma gona. Saura sayen auduga da sirinji, da canja batirin sikeli biyu, da zama da mai garin can ranar Alhamis in Allah ya kai mu.